Raƙuman da Ba Su Ƙetare Gishiri Ba

Da sunan Allah nake farawa, Masanin abin da ido ya gani da abin da baki ya ƙara. Ya ku masu sauraro, ku gyara zama. Na yi yawo a ƙasashen da duwatsu ke hayaƙi, na sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna, na ci tuwo a gidan maƙiyi har ya raka ni bakin ƙofa yana sa mini albarka. Waɗannan duka na sha ba da labarinsu, wani lokaci ma har da ƙari. Yau kuwa wanda ban taɓa bayarwa ba zan bayar, kuma tun ban fara ba kunya ta riga ta kama ni.

Sunana Makau ɗan Ilu, mutumin birnin Dalmazu. Sana'ata leƙen asiri. Mu ake kira magewaya, masu shiga ƙasar abokan gaba su gewaya su dawo wa mayaƙa da labari. Abin da ya shigar da ni wannan aiki bakina ne. Allah Ya hore mini magana, in na zauna da mutum kafin ya gama cin goro ɗaya ya gaya mini sunan surukarsa da abin da ya haɗa su faɗa.

A bayan barikin mayaƙa akwai wani gida da ake kira Gidan Kunne, nan ne matattararmu. Shugabansa Sarkin Magewaya Gwadabe, wani siririn tsoho wanda ko gaishe shi ka yi sai ya yi nazari kafin ya amsa. Ƙa'idar gidan ita ce, duk labarin da ake nema mutum uku ake aikawa, kowa da hanyarsa, kuma babu wanda ya san sauran biyun. In sun dawo kowa ya shiga shi kaɗai ya faɗi nasa, sa'an nan ya jefa tsakuwa a cikin ƙoƙo. Baƙar tsakuwa na nufin ji na yi. Fara na nufin na gani da idona, na taka da ƙafata. Runduna ba ta motsi sai bakin mutum ukun ya zo ɗaya, kuma sai an sami fara ko da guda a cikin ƙoƙon.

A shekarar da nake ba ku labari, abokan gabanmu Zurmuƙawa suka tare mashigin Dutsen Garu, hanya ɗaya tak da hatsi ke shigo mana. Sau biyu mayaƙanmu suka kai hari, sau biyu aka koro su. Sai manya suka tuna cewa a arewa dutsen ya ƙare ne a bakin wani filin gishiri da ake kira Farar Shimfiɗa, tafiyar kwana huɗu daga wannan gaɓa zuwa waccan. Wanda ya ƙetare ta zai ɓullo wa Zurmuƙawa ta baya. Amma gishirin ɓawo ne a kan laka, kuma ba a san ko zai ɗauki dawaki da mutane ba. Abin da aka aike ni in gano ke nan.

Ranar da zan tafi na biya gidan yayana Jatau, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Barde ne a runduna, ƙato mai sanyin hali. Na same shi da hantsi a ƙofar gida yana gyaran linzami. Ya dubi jakar kayan kolin da na rataya ya yi murmushi.

"Auta, yau kuma ɗan koli aka zama? To, ba zan tambaye ka ina za ka ba. Amma ni aka ba gaban runduna, mutum ɗari huɗu. In aka ce a bi gishiri, ƙafar dokina ce ta farko."

"Yaya, ka kwantar da hankalinka. Ko ƙwayar gishiri ɗaya ba zan bari ban tambaye ta ba."

"Ai matsalar ke nan," in ji shi. "Ka rage tambaya, ka ƙara dubawa."

Na yi dariya na wuce.

Bayan kwana shida na shiga wani kurmi mai tsuntsayen da ake kira 'yan kwarmato. Ƙanana ne masu jan wuya, kuma duk kalmar da ta fito daga bakin matafiyi sai su ɗauka da muryarsa sak, su tashi su riga shi isa ƙarshen kurmin suna maimaitawa. A can Zurmuƙawa suka ajiye masu gadi, aikinsu kawai su zauna su saurari tsuntsaye. Saboda haka dole in yi tafiyar kwana uku bakina a rufe. Ku da kuka san ni kun san wannan azaba ce. Na yi kwana biyu ina tauna tsinke. A rana ta uku na yi tuntuɓe da saiwa, farcen babban yatsana ya ɗaga, kafin in ankara na ce, "Wayyo ni Makau na Dalmazu!"

Nan take kurmi ya ɗauka. Ta ko'ina sai ka ji, wayyo ni Makau na Dalmazu. Gumi ya karyo mini. Da na ga ba yadda zan kamo magana, sai na ce bari in binne ta. Na buɗe murya na shiga talla, a sayi allura, a sayi kwalli, ga zare ga madubi. Na yi kukan jaki, na yi guɗa, na yi faɗan mata biyu a bakin rijiya, na yi limamin da ya manta sura. Tun hantsi nake yi har la'asar. Kafin in kai bakin kurmin tsuntsaye sun rikice, hayaniya ta cika sama, sunana ya ɓace a ciki. Na hango masu gadi su huɗu sun toshe kunnuwa suna jifan bishiyoyi, na bi ta wani kwazazzabo na wuce su ba wanda ya gan ni. Ran nan na yaba wa bakina ƙwarai.

Daga nan na isa Tungar Fari, garin masu haƙar gishiri da ke bakin Shimfiɗa. A gefenmu yake, amma a lokacin yana hannun Zurmuƙawa, kuma duk baƙon da ya fito ta wajen Dalmazu rami ake jefa shi. Sai na zagaya, na shafe rigata da garin gishiri, na ɓullo ta ƙofar da ke fuskantar filin. Mai tsaron ƙofa, wani mai ƙaton ciki da ake ce wa Duna, ya gitta mini mashi.

"Kai ɗan koli, daga ina?"

"Daga ƙetare, ranka ya daɗe. Daga cikin mutanenku."

"To nuna mini shaidar masu tsaron mashigi."

Ban san ana ba da wata shaida ba. Amma bakina bai taɓa jiran shawarata ba. Na ce, "Ai ban biyo ta mashigi ba. Ta kan gishiri na biyo."

Duna ya sauke mashi ya zuba mini ido. Ya ce tun zamanin kakansa bai ji wanda ya ƙetare Shimfiɗa ba. Da na tsaya a nan da sauƙi, amma na ga mutane sun fara taruwa, ni kuwa in na ga kunnuwa a buɗe ba na iya haƙuri. Na ce cikin ayari na zo, raƙuma arba'in da kaya niƙi-niƙi, sun sauke ni sun yi arewa. Na ce bana gishirin ya yi tauri har sai da muka sa guduma kafin mu kafa turaku. Na ce akwai wata farar taguwa, wato raƙuma, mai tsagaggen kunne da ta haihu a tsakiyar filin, muka ɗora ɗan a kan kaya muka ci gaba. Ban san daga ina taguwar nan ta faɗo mini ba, amma ita ce ta fi burge su.

Kwana bakwai na yi a garin, kullum gidan da zan ci abinci daban, kullum sai na sake sa taguwar nan ta haihu. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata tsohuwa mai suna Tasalla da ta ƙare rayuwarta a haƙar gishiri. Ta sayi allura a wurina, sa'an nan ta daɗe tana duban ƙafafuna.

"Ɗan nan, kwana huɗu a kan Shimfiɗa, amma diddigenka ko tsaga babu?"

"Huffi na sa, Iya, na fatar akuya."

"To," in ji ta. "Mu dai da muka tsufa a bakinta ba ma wuce inda muke hango hayaƙin gari."

Ta ɗaure allurarta a bakin zane ta tafi. Na ji maganar ta taɓa ni, amma aka kira ni cin dambu na manta.

A rana ta takwas na sulale da sassafe, riƙe da sanda mai bakin ƙarfe da salkar ruwa, na hau Farar Shimfiɗa don in yi aikin da aka aike ni. Ya ku jama'a, ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Fari ne fat har iyakar gani, babu ciyawa, babu tsuntsu, babu ko ƙuda. Rana ɗaya a sama, wata a ƙasa tana dukan ido. Ginshiƙan gishiri na tsaye nan da can, iska na ratsa su suna fito. Kowane taku goma in caka sanda, in ji ta tsaya ƙyam. Haka na yi ta yi har hayaƙin gari ya ɓace mini.

Wajen azahar ƙarar takuna ta sauya, ta koma kamar ana buga bayan ƙwarya. Na duba ƙasa. Gishirin wurin garau yake, ana ganin abin da ke ƙarƙashi. Sai na ga mutum. Yana tsaye a cikin baƙin ruwa, kansa bai fi kamu biyu da tafin ƙafata ba, idanunsa a buɗe, igiyar jakinsa na naɗe a hannunsa, jakin ma na nan a gefensa da kayansa. Gishiri ya hana su ruɓewa, ba za ka san ko jiya suka nutse ko shekara ɗari ba.

Ba zan yi muku ado ba. Tsoro ne ya kama ni. Na juya na ruga. Ban ƙara caka sandar nan ko sau ɗaya ba, a can ma na yar da ita. Tafiyar kwana huɗu aka aike ni in auna, rabin yini na yi.

Hasken filin ya ƙone mini idanu. Da laluben hanya na faɗa wata rugar makiyaya, suka kwantar da ni a bukka kwana ashirin suna ɗiga mini nono a ido har na warke. Duk kwanakin nan tunani ɗaya nake yi, me zan ce wa Gwadabe? In koma in gwada kuwa, ƙafata ta ƙi.

Da na kama hanyar gida na tsaya a wata kasuwar ƙauye don a yi mini aski. Wanzamin na cikin aikinsa ya ce, "Baƙo, ka ji abin mamakin da aka yi bana? Ayari ya ƙetare Shimfiɗa, raƙuma ɗari. Madugunsu wani dogo ne mai jan gemu, ƙanen matata ya gan shi." Na kusa sa ya yanke ni don zabura. Kwana biyu bayan nan, a wani gari daban, wata mai fura ta ce mini raƙuma ɗari biyu ne, kuma 'yan kasuwar kudu ne, har sun sayi fura a wurin yayarta.

A sana'armu an koya mana cewa in bakuna biyu da ba su san juna ba suka faɗi abu ɗaya, to ka kama shi. Ga wanzami, ga mai fura, tsakaninsu tafiyar kwana biyu. Ayarina na ƙarya arba'in ne, kuma babu mai jan gemu a ciki, saboda haka ban ga haɗinsu ba. Har daɗi na ji, na ce ashe ƙaryata ma ta dace da gaskiya. Mutumin da na gani a ƙarƙashin gishiri kuwa na ce na zamanin da ne. Tambaya ɗaya ta rage in yi musu, wa ya fara faɗa? Ni da ke tambayar mutum sunan surukarsa, wannan ban yi ta ba, don ba na son in ji amsar.

Na isa Dalmazu na tarar sauran biyun sun riga ni dawowa. Na shiga gaban Gwadabe na durƙusa. Ƙoƙon na rufe da faifai a gabansa. Na ce gishiri ya yi tauri, ayari ma ya ƙetare.

"Ayarin ka gani, ko labarinsa ka ji?"

"Labarinsa na ji, ranka ya daɗe. Amma filin na taka shi."

"Har ina?"

A nan ne ya kamata in ce rabin yini. Amma na tuna yadda za a ji a bariki cewa ƙanen Jatau ya ga gawa ya ruga. Kuma ai na riga na gamsu hanyar na da kyau, me zai ɓaci in na ɗan ƙara?

"Har na hango waccan gaɓar."

Tsohon ya ɗauko tsakuwoyi biyu, fara da baƙa. Sa'an nan ya ce, "Makau, ka san wanda ya jefa fara a kan abin da bai gani ba, kansa ake sarewa. Ba na gaya maka don ban yarda da kai ba, kowa nake gaya wa. Da idonka?"

"Da idona."

Ya tura mini tsakuwoyin biyu. Na ɗauki fara na jefa. Ya ɗaga faifai, sai ga baƙaƙe biyu da farata. Ya ce duka bakinmu ɗaya. Kwana uku bayan nan runduna ta tashi, ta bi doguwar hanyar da ke zagaye kurmin 'yan kwarmato. A ƙofar gari Jatau ya sauko daga doki ya rungume ni a gaban mutanensa, ya ce musu, "Ga wanda ya taka mana hanya." Suka ɗaga mashi sama suna yi mini jinjina, ni kuma na karɓa.

Al'adar Gidan Kunne ce, in runduna ta yi mako da tafiya a haɗa magewayan uku su san juna, su ci abinci a akushi ɗaya. Nan na ga abokan aikina, wani shiru-shiru mai suna Anaruwa da ya shiga a matsayin mai gyaran takalma, da wata mata mai suna Kyauta da ta shiga a matsayin makitsiya. Muna cikin ci Kyauta ta ce, "Ni fa abin da ya sa na yarda da labarin ayarin nan, ƙananan abubuwan da ke cikinsa ne. Maƙaryaci ba ya tuna irinsu. Wai har wata farar taguwa ta haihu a tsakiyar gishiri."

"Mai tsagaggen kunne," in ji Anaruwa. "Ni ma na ji."

Lomar da ke bakina ta ƙi wucewa. Na ce, "A wurin wa kika ji?"

"Matan Tungar Fari, ina yi musu kitso. Na bi diddigi, duk suka ce wani ɗan koli ne da ya zo cikin ayarin. Na neme shi ban same shi ba. Amma tun da kai ka taka da ƙafarka, ai magana ta ƙare."

Sai ta miƙo mini ƙoƙon ruwa, wai na shaƙe. Tsakuwa uku ke cikin ƙoƙon Gwadabe, ashe duka ukun daga bakina suka fito.

Yanzu zan faɗi abin da ya fi komai ba ni kunya. Ban tashi a lokacin ba. Na koma ɗakina na zauna kwana biyu cur. In ce bari in je in gaya wa Gwadabe, sai in shafa wuyana. In ce wataƙila gishirin ya yi tauri da gaske, ai ban ga inda ya karye ba. In ce Jatau tsohon mayaƙi ne, zai sa masu sanda a gaba su riƙa caka ƙasa kamar yadda aka saba. Haka na yi ta lallashin kaina har safiyar rana ta uku, sa'an nan na saci raƙumin aike na fita ba tare da na gaya wa kowa ba.

Na yanke ta cikin kurmi don in rage hanya. Ban san ina magana ni kaɗai ba sai da na ji muryata a sama. Tsuntsaye ɗari suna bin kaina suna cewa, ban gani ba, ƙarya na yi, ban gani ba. Wannan karon ban nemi binne maganar ba. Masu gadi kuwa sun gudu tun da suka ji motsin runduna, ba wanda ya ji sai ni.

A bakin Shimfiɗa na tarar da tokar murhunsu, da sawun dawaki ya miƙe cikin farin fili. Kwana biyu ke nan da shigarsu, daidai kwanakin da na yi a ɗaki. Na bi sawun ina dukan raƙumi, ba na duban ƙasa. Su suna tafiya a hankali saboda kaya, ni kuwa ban tsaya ba sai don raƙumi ya numfasa. Da hantsin rana ta biyu na hango su, layi baƙi a kan fari. Ina cikin ɗaga rawani ina ihu na ji wata ƙara kamar an fasa tulu, sai dai ta cika duniya. Gaban layin ya ɓace.

Da na iso mutane na ja da baya a rikice, dawaki na haniniya. Na ga masu sanda su ashirin a can ƙarshen layi tare da masu kayan abinci. Na kama Cindo, mataimakin yayana, na girgiza shi.

"Me masu sanda ke yi a baya?"

"Barde ne ya mayar da su," in ji shi yana haki. "Na yi masa magana, ya ce ƙanensa ya jefa fara. Ya ce in ya sa a caka hanyar da ka taka, kamar ya ƙaryata ka ne a gaban runduna."

Inda gaban rundunar yake ya zama tafkin baƙar laka, gutsattsarin gishiri na yawo a kai. Mutum saba'in da uku da dawakinsu sun tafi. Jatau kaɗai ake gani, laka ta kai masa ƙirji, ya dafa wani ɓallen gishiri. An jefa igiya ba ta kai ba, duk wanda ya matsa kuma ƙasa na tsagewa a ƙarƙashinsa. Ni ne mafi rashin nauyi. Na kwanta rub da ciki a kan garkuwa, na riƙa jan jiki da mashi a hannu, har gindin mashin ya kai gare shi. Ya kama. Na ja, sai gishirin da ke ƙarƙashina ya yi ƙara ya tsage. Ya saki da kansa.

"Kar ka sake ja, Auta."

Babu mai jin mu a nan. Na ce, "Yaya, ban taka nan ba. Rabin yini na yi na juya. Ayarin ma ni na ƙirƙire shi."

Ya dube ni. Na so ya zage ni, na so ya tofa mini yawu. Bai yi ko ɗaya ba. Fuskarsa irin wadda yake yi mini ce ina yaro in na fasa abu na ɓoye.

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa."

"To kar ka gaya wa kowa. Inna ba za ta rasa mu biyu a rana ɗaya ba. Muddin tana raye ka riƙe bakin nan naka, sau ɗaya dai a rayuwarka. Ka ji ni?"

Laka ta kai masa wuya. Ya ɗaga kai ya tattara sauran ƙarfinsa, ya yi kira da muryar da yake ba da umarni a fagen fama.

"Cindo! Ku shaida! Hanyar da Makau ya nuna mini tana hagu, ni na kauce don in rage tafiya. Laifina ne! Ka juya da mutane ta sawunmu!"

Ya yi kalmar shahada. Ina kwance a kan garkuwa ina kallo har wurin ya lafa. Da suka jawo ni baya da igiya, mayaƙa suka kewaye ni suna ba ni haƙuri. Wani ma cewa ya yi, da Barde ya ji maganar ƙanensa da ba haka ba. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka baƙin ciki ne kawai.

Yadda yaƙin ya ƙare ba shi ne labarina ba, an yi sulhu bayan damina. Ni aka ƙara mini girma, don an ce na bi runduna ne saboda ƙaunar ɗan'uwa. Jatau kuwa sunansa ya ɓaci. Matan mutum saba'in da uku suka daina bi ta ƙofar gidansa. Matarsa ta kwashe 'ya'yanta ta koma garinsu, don ba ta iya zuwa rijiya. A bariki har yau in za a gargaɗi sabon barde sai a ce, kar ka yi irin ta Jatau.

Ranar da na dawo na tarar da mahaifiyarmu zaune a tsakar gida, labari ya riga ni. Na durƙusa a gabanta, bakina ya buɗe da kansa zai faɗa. Ta dafa kaina.

"Kai ka yi naka, Auta. Ka nuna masa hanya, shi ne bai bi ba. Allah Ya yafe masa gangancinsa." Ta jawo kwanon tuwo ta tura gabana. "Ci, duk ka rame."

Na ci. Shekara goma sha ɗaya ina cin tuwonta, kuma duk ranar da ta ambaci sunansa sai ta nema masa gafarar wannan ganganci, ni kuma in ce amin.

Jiya aka yi sadakar bakwai ɗinta, alkawarin da ke kaina ya sauka. A nan hikayata ta tsaya, ban ƙara mata komai ba. Na ga akwai mutanen Gidan Kunne a cikinku, ba sai kun neme ni ba, ina gida. Abu ɗaya nake roƙo, ku bi gida-gida na mutum saba'in da ukun nan ku gaya musu. Jatau ɗan Ilu bai kauce ba ko taku ɗaya. Inda na ce ya taka, nan ya taka.